Linzamin zuciya da agogon Alhaji

A cikin Birnin Damagaram, can wani lungu da ba shi da nisa da ƙofar fada, akwai wani dattijo da kowa yake kira Majo, ko da yake ya fi shekara goma da tuɓe farar riga. Ya yi aikin jinya a Tanut da Gure da Magarya kafin a maido shi gida. Ya ga annobar sanƙarau ta 1995 da idonsa, ya yi wa yara allura har yatsunsa suka yi kanta. Yanzu ba shi da biro sai zaure, ba shi da kayan aiki sai tsohon agogo mai hannun daƙiƙa da abin awon tansiyo. Duk da haka mutanen unguwa, da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, sukan biyo ta wurinsa su miƙa hannu kafin su yanke shawarar zuwa asibiti.

Wata rana bayan la'asar wani Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Dole ya yi sallama, ya zauna bakin tabarma, ya ajiye wani ɗan akwati a tsakaninsu. Suka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa. Alhaji ya jira har yaron da ya kawo ruwa ya fita, sa'an nan ya rage murya.

Ƴarsa ce, mai shekara 14. Sanƙarau ya kama ta a sanyin 2022, cikin annobar nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Janairun 2023. Allah ya tashi kafaɗarta, amma bayan ƴan watanni ta fara faɗuwa. Sau ɗaya a makaranta, sau ɗaya kusa da murhu. Aka cire ta daga lakwal, aka ce wa maƙwabta iska ce, don kalmar farfaɗiya idan ta fita daga gida ba ta dawowa, kuma yarinya tana da aure a gaba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kuma karɓo mata gardenal a asibiti. Faɗuwar takan tafi ta dawo.

Alhaji ya buɗe akwatin. A ciki akwai wata ƴar na'ura da ba ta kai wayar salula girma ba, da igiya siririya mai ɗan maƙali a bakinta, da agogon hannu mai fuskar gilashi. Wani abokin fataucinsa ya sayo masa a waje, da kuɗin da ya isa sayen bijimi. An ce masa maƙalin nan kunne ake sa wa, ya riƙa aika ɗan kuran ga wata jijiya, agogon kuma ya nuna lamba. Idan lambar tana hawa, jijiyar tana warkewa, kuma idan ta warke ba sauran buƙatar ƙwaya.

Ya ce, "Majo, kwana goma ke nan tana sawa, lambar ta tashi daga 41 zuwa 58. Ni ma na gwada agogon, tawa ta wuce 100. Uwarta ta ce ƙwayar nan tana sa ta barci da kasala. So nake ka ce mini in tsai da ita."

Majo bai yi masa dariya ba. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ya ce, "Alhaji, ka ba ni mako guda. Amma ka yi mini alkawari, ko ƙwaya ɗaya kada a fasa kafin nan." Dalilinsa ba boyayye ba ne ga duk wanda ya yi aikin asibiti: gardenal idan aka yanke shi farat ɗaya, yakan jawo faɗuwa a kan faɗuwa ba hutu, irin wadda take kisa.

Jijiyar da ake magana a kanta gaskiya ce, ba ƙirƙirar ƴan talla ba. Hausa takan kira hanyar jini jijiya, ta kira igiyar agara jijiya, amma wannan ta saƙo ce, irin wadda take ɗaukar umarni tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Cikin jijiyoyi 12 da suke fitowa bibbiyu daga cikin kai, ita ce ta goma. Likitoci suna ce mata bagus, watau mai yawo a harshen Latin, don ba ta zama wuri guda: daga gindin ƙwaƙwalwa ta gangaro ta wuya, ɗaya dama ɗaya hagu, ta ratsa maƙogwaro, ta taɓa zuciya da huhu, ta sauka har tumbi da hanji. Kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta ma labari yake kaiwa sama, daga ciki zuwa ƙwaƙwalwa. Ragowar ne yake sauko da umarni.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a ƙofar fada ya riga ya san aikinta. Mahayi yana da ƙaimi, yana da linzami. Zuciya ma haka take. Da za a sake ta ba mai riƙe ta, da ta riƙa bugawa wajen sau 100 a minti. Jijiyoyin firgita da gudu su ne ƙaimi, suna ƙara mata sauri. Bagus ita ce linzami, tana ja da ita zuwa 60 ko 70 ko 80 idan mutum yana zaune lafiya. A 1845, tun Sarki Tanimun bai kewaye Birni da ganuwa ba, wasu ƴan'uwa biyu Jamusawa, Eduard da Ernst Weber, suka sa wa wannan jijiya kuran a jikin kwaɗo, suka ga zuciyarsa ta rage gudu har ta tsaya. A 1921 kuma, sa'ad da Damagaram take babban birnin ƙasar Nijar a hannun Faransa, Otto Loewi a Ostiriya ya ɗebi ruwan da ya jiƙa zuciyar kwaɗon da aka taɓa wa jijiyar, ya zuba wa wata zuciyar dabam, ita ma ta lafa. Da haka aka gane cewa jijiya da sinadari take magana. Aka ba shi kyautar Nobel a 1936.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, zuciya mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida kamar injin niƙa. Idan an ce bugu 75 a minti, lissafi ya ce tsakanin bugu da bugu akwai kashi 800 cikin 1000 na daƙiƙa. Amma idan an auna ɗaya bayan ɗaya, sai a ga wani 760, wani 790, wani 850. Mutum yana jan numfashi, linzami ya ɗan saki, tazarar ta gajarta. Yana fitarwa, linzami ya ja, tazarar ta tsawaita. Carl Ludwig ya zana wannan a takarda tun 1847. Wannan sassaɓawar tazara ita ce lambar da agogon Alhaji yake ƙoƙarin nunawa. Yara da matasa suna da ita da yawa, tana raguwa da shekaru. Wanda aka dasa wa zuciyar wani, da yake an yanke jijiyoyinta, bugunsa yakan zama kusan daidai kamar na agogon bango, kuma da sauri. Mai ciwon suga da ya daɗe, wanda cutar ta ci masa jijiyoyi, shi ma tasa takan dushe.

Likitoci ba su raina wannan awo ba. Da shi ake sauraren jaririn da ke cikin mahaifa: idan bugunsa ya daina sassaɓawa, ungozomar asibiti takan tashi tsaye. A 1987 wani bincike a Amurka ya bi mutum 808 da suka tsira daga bugun zuciya, aka ga waɗanda sassaɓawarsu ta fi ƙanƙanta sun fi mutuwa wajen ninki biyar a kan waɗanda tasu ta fi yawa. A 1996 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da na Amurka ta Arewa suka zauna suka tsara ƙa'ida: ko dai a auna minti 5 mutum yana hutawa, ko a auna awa 24 cur, kuma ba a gwama awon nan da wancan.

Majo ya san rabin wannan tun yana ɗalibi. Sauran rabin ya je ya nemo wurin ɗan ƙanensa, likita matashi, wanda ya zaunar da shi gaban kwamfuta dare biyu. Tsoho bai ji kunyar zama almajirin yaron da ya yi wa kaciya ba.

Sa wa bagus kuran don maganin farfaɗiya shi ma gaskiya ne, amma ba yadda aka faɗa wa Alhaji ba. Jacob Zabara ya gwada a karnuka a Amurka a 1985. A 1988 aka dasa wa mutum na farko. Turai ta amince da shi a 1994, Amurka a 1997. Aikin fiɗa ne: a binne batir ƙarƙashin fatar ƙirji, a naɗe waya a jikin jijiyar a wuya, na'urar ta riƙa aiki kamar daƙiƙa 30 ta huta minti 5, dare da rana. Yakan sa murya ta dishe, yakan sa tari. Ana yi wa waɗanda aka gwada musu magunguna yadda ya kamata suka ƙi ji, kuma ba a tsai da ƙwaya bayan an dasa. Bayan ƴan shekaru wajen rabin waɗanda aka yi wa sukan sami ragin faɗuwa da rabi ko fiye. Waɗanda take barinsu ɗungum kaɗan ne.

A nan akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Da gangan ake ɗaura wayar a jijiyar hagu, saboda ta dama ce ta fi iko da wurin da bugun zuciya yake tasowa. Watau masu aikin suna so saƙon ya hau sama zuwa ƙwaƙwalwa, ba ya sauka ya dami zuciya ba. To, idan an tsara na'ura don ta kauce wa zuciya, yaya za a koma a ce zuciyar ce za ta ba da shaidar na'urar tana aiki? Wannan ita ce tambayar da ta daɗe tana wahalar da masu bincike.

Na kunne kuwa ƙanen wancan ne, kuma bai kai shi tabbaci ba. Wani ɗan reshe na bagus yana zuwa fatar kwarmin kunne. Wanzamai sun san shi ba tare da sun san sunansa ba, don akwai mutanen da ana sa musu tsinke a kunne sai tari ya sarƙe su. A shekarar 2000 aka kawo shawarar a riƙa bi ta nan, a huta da wuƙa. Dabara ce mai kyau, kuma har yanzu ana gwada ta a kan cututtuka iri-iri. Sai dai masu gwajin suna buƙatar alamar da za ta nuna musu kuran ya isa jijiyar, ba fata kawai ya sosa ba. Da yawansu suka kama sassaɓawar bugun zuciya, don tana da arha kuma ba ta da ciwo. Wasu suka ce sun ga ta ƙaru, wasu suka ce ba su ga kome ba. A 2021 wasu masu bincike a Jamus suka tattara gwaje-gwaje 16 da aka kwatanta kuran na gaskiya da na bogi a kan mutane masu lafiya, suka haɗa lissafinsu wuri guda. Bambancin da ya fito kusan sifiri ne. Wannan bai ce maƙalin kunne ba ya yin kome ba. Abin da ya ce shi ne, lambar zuciya ba ta isa shaida a kansa ba.

Dalili kuwa, awon nan kamar ma'aunin zinariya yake, iska ma tana motsa shi. Wanda ya rage saurin numfashinsa zuwa sau 6 a minti, lambarsa takan yi tsalle ko ba na'ura. Kwanciya tana ɗaga ta, tsayuwa tana sauke ta. Zazzaɓi, da zafin watan Afrilu, da ƙishirwa, da cin tuwo, da rashin barci, da taba, da goro, da shayin fada mai ɗaci na farko, da magana ma, kowanne yana iya karkatar da ita. Wasu magungunan farfaɗiyar kansu suna taɓa ta. Shi ya sa a ɗakin bincike ake zaunar da mutum shiru, a lokaci guda kowace rana, a ƙidaya numfashinsa, a manna masa wayoyi a ƙirji don a kama kuran zuciyar kanta, a bi takardar bugu bayan bugu a tsince na kuskure, kuma a raba mutane biyu ba tare da sun san wa aka ba na gaskiya ba. Agogon hannu haske yake haskawa a fata yana ƙiyasta wucewar jini. Hannu ya motsa, lissafi ya karkace.

Ran da mako ya cika, Majo ya tafi gidan Alhaji da kansa. Aka kira yarinyar, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambaye ta yadda take sa maƙalin. Ta ce, "Baba, takardar ta ce in kwanta, in yi shiru, in riƙa numfashi a hankali." Ya ce ta cire maƙalin ta ajiye, ta bar agogon, ta kwanta ta yi numfashin nan dai. Bayan minti biyar lambar ta hau kamar yadda ta saba. Ya ce ta tashi tsaye ta karanta masa Fatiha da ƙarfi. Lambar ta faɗo. Alhaji ya dubi maƙalin da ke kan tabarma, bai ce kome ba.

Sa'an nan Majo ya nemi a kawo masa kwalin ƙwayar da karnen asibiti. Ya zazzage, ya ƙirga, ya duba ranar da aka saya. Wata uku da saye, maganin wata biyu, ga kusan rabi nan a ciki. Daga bayan labule uwar ta yi bayani: idan yarinya ta yi sati uku lafiya sukan bari, don kada jikinta ya saba, idan ta faɗi su koma. Ba mugunta ba ce, tausayi ne. Amma ƙwayar farfaɗiya ba ta ciwon kai ba ce da ake sha idan abin ya motsa. Aikinta ta zauna cikin jini kullum a kan mizani guda, kuma kowane yankewa gayyatar faɗuwa ne. Ashe yarinyar da ake nema wa maganin waɗanda magani ya gagara, ko magani ɗaya ba a taɓa ba ta yadda ya kamata ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya wajen miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. Ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan an gano cutar aka ba su magani daidai, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin da suke buƙata. Abin takaici ne a ce gidan da ya iya sayen na'urar kuɗin bijimi yana cikin wannan lissafi, alhali kuwa gardenal yana cikin magunguna mafi arha a farmasi. Majo ya gaya wa uwar cewa barcin da kasalar abin kai wa likita ne: yana iya daidaita awo, ko ya maida shan da dare, ko ya sauya wani maganin, don ba gardenal kaɗai ke akwai ba. Ya ƙara da abin da ya faɗa sau dubu a ƙauyuka: miyau ba ya yaɗa ta, ba a cusa cokali a baki, a kwantar da ita a gefe, a nisanta ta da wuta da bakin rijiya.

Har ya miƙe zai tafi, sai ya tuna da wata magana. Ya ce, "Alhaji, ka ce taka lambar ta wuce 100?"

"Har 130 na gani," in ji Alhaji, da ɗan alfahari. "Ga shi na ba sittin baya."

"Kawo hannunka."

Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun, ya zuba wa tsohon agogonsa ido. Minti guda ya wuce, bai saki ba. Abin da yake ji ba sassaɓawar nan mai bin numfashi ba ce, wadda take tafiya ta dawo kamar rawar doki. Wannan ba ta da tsari ko kaɗan: biyu da sauri, shiru, ɗaya mai ƙarfi, uku raunana. Akwai wata cuta da ɗakunan saman zuciya suke daina bugu su koma kakkarwa. Tana yawaita ga masu shekaru da masu tansiyo, tana iya tara gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Agogon da bai san bambanci ba yakan ga tazara tana tsalle ya rubuta babbar lamba, mai shi ya yi murna. Yatsa ba ya yanke hukunci a kan wannan, sai takardar awon zuciya. Majo ya tambaye shi ko yakan ji faɗuwar gaba, ko haki idan ya hau benen shagonsa. Alhaji ya yi jim, ya ce tun azumin bara.

"To gobe ku biyu ne," in ji Majo. "Kai da ita."

Alhaji ya ce gobe akwai kaya da za su iso daga Kano. Majo ya ce kaya suna da yara masu sauke su.

Washegari da hantsi suna kan benci a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram. Yarinyar tana riƙe da karnenta da kwalin ƙwayar, da wani littafin makaranta da Majo ya ja wa layi uku: rana, an sha ko ba a sha ba, an faɗi ko ba a faɗi ba. Uban yana gefenta, ya tuɓe babbar riga ya naɗe a cinya, yana jiran a kira shi ɗakin da ake manna wayoyi a ƙirji. Akwatin kuwa yana can zauren Majo a kan kanta, kusa da abin awon tansiyo. Alhaji ya ce a ajiye masa har abokin nasa ya dawo daga tafiya.